In Allah ƙauna ne, ina aka samo wutar da ba ta ƙarewa?

"Malam barka da aiki. Dan Allah ku yi haƙuri da tambayata, na daɗe ina riƙe da ita a ciki. Ni a gidan Kirista aka haife ni, ina zuwa coci, ina cikin mawaƙa ma. Amma tunda kakata ta rasu abin nan ya hana ni sakat. Ita ba ta taɓa karɓar Yesu ba, amma ban taɓa ganin mai tausayi irinta ba, ita ta raine ni. Ana ce mana Allah ƙauna ne, ana kuma ce mana wanda bai ba da gaskiya ba zai ƙone a wuta har abada abadin. Ta yaya biyun nan za su zauna wuri ɗaya? Ni da nake mai zunubi ko maƙiyina ba zan iya sa shi a wuta na minti ɗaya ba. Na tambayi wani dattijo a cocinmu ya ce Shaiɗan ne yake sa min wasiwasi, in je in yi addu'a. Na yi, tambayar ba ta tafi ba."

'Yata sannu da rashi, Allah ya ba ki haƙuri. Kafin mu shiga maganar bari in sauke miki kaya ɗaya tukuna, wannan tambayar ba Shaiɗan ne ya sa miki ita ba. Ibrahim da kansa ya tsaya gaban Allah a kan batun Saduma yana roƙo yana ja, har ya ce ashe Mai shari'ar dukan duniya ba zai yi abin da yake daidai ba, yana nan a Farawa 18:25, kuma Allah bai tsawata masa ba, sauraronsa ya yi tun daga mutum hamsin har aka sauko goma. Dattijon nan na tabbata da kyakkyawar niyya ya faɗa miki haka, addu'a kuma ki ci gaba da yi, amma wanda ya yi tambaya amsa ake ba shi, in babu a ce masa zo mu nema tare.

Yadda na fahimce ki tambaya biyu kika haɗa. Ta farko ta ilimi ce. Muna cewa Allah yana ƙaunar kowa yana so kowa ya tsira, muna cewa babu abin da ya gagare shi, sannan muna cewa akwai mutanen da za su yi ta shan azaba suna ji suna gani ba ranar ƙarewa. In kika riƙe biyun farko da gaske sai na ukun ya fara girgiza, in kika riƙe na ukun kam dole ki rage wani abu a ɗaya daga cikin biyun can, toh duk muhawarar da malaman tauhidi suka yi ta yi tun ƙarnonin farko a nan take, wanne za a rage kuma da wace hujja. Ta biyun ita ce mai hana ki barci, wato kakata tana ina. Zan bi ta farkon a hankali don ta fi tsawo, amma ban manta da ɗayar ba.

Me Littafin ya ce, me muka ɗora masa

In mun zo wannan darasin a aji abu na farko da nake sa ɗalibai shi ne su nemo min wutar azaba ta har abada a littattafan Musa guda biyar. Sai su yi ta juya shafi, babu. A yawancin Tsohon Alkawari wurin matattu Sheol ne, kabari ko lahira, kuma kowa can yake zuwa, nagari da mugu. Yakubu da aka kawo masa rigar Yusufu da jini cewa ya yi can zai sauka wurin ɗansa yana makoki, Farawa 37:35, ai ba yana nufin shi da Yusufu 'yan wuta ba ne. Sai daga baya maganar tashin matattu da rabuwa gida biyu ta fito fili, a Daniyel 12:2 wasu za su tashi zuwa rai madawwami wasu zuwa kunya da ƙasƙanci madawwami, sai kuma ayar ƙarshe ta Ishaya, 66:24, inda ake fita ana kallon gawawwakin masu tawaye, tsutsarsu ba ta mutuwa wutarsu ba a kashe ta. Ki riƙe wannan, gawawwaki ya ce.

Wurin da Yesu ya riƙa kira Gehenna, kalmar da ake fassarawa Jahannama, kuwa wani kwari ne na gaske a kudu da Urushalima, Kwarin Hinnom. Nan ne sarki Ahaz da sarki Manassa suka ƙona 'ya'yansu hadaya ga gumaka, 2 Tarihi 28:3 da 33:6, sarki Yosiya ya zo ya ƙazantar da wurin don kada a sake, annabi Irmiya kuma a sura 7 ya ce za a kira shi kwarin kisa. Abin da yake taɓa ni a nan shi ne a Irmiya 7:31 Allah ya ce ƙona yara a wuta abu ne da bai umarta ba, bai ma taɓa zuwa masa a rai ba. Za ki ji masu wa'azi suna cewa wai juji ne da ake ƙona sharar gari dare da rana, wannan bayanin daga wani malamin Yahudawa Dauda Kimhi ya fito wajen shekara ta 1200, fiye da shekara dubu bayan Yesu, ni ba na gina komai a kansa.

Yanzun ga inda ba zan ɓoye miki ba. Sunan Gehenna ya zo sau 12 a Sabon Alkawari, 11 daga bakin Yesu ne, ɗayan a wasiƙar Yakubu. Kenan hanyar da wasu suke bi su ce ai Yesu mai taushi ne, wasu ne suka ƙirƙiro maganar hukunci, a rufe take. Amma ki duba su wa yake yi wa gargaɗin. Almajiransa, in ɗayansu ya zagi ɗan'uwansa, Matiyu 5:22. Malaman Attaura da Farisiyawa, Matiyu 23:33. Masu ce masa Ubangiji Ubangiji har suna fitar da aljanu da sunansa, Matiyu 7. Mai arzikin da yake tsallake Li'azaru a ƙofar gidansa kullum, Luka 16. Waɗanda suka ga mayunwaci da baƙo da ɗan kurkuku suka kau da kai, Matiyu 25. Kusan duk mutanen cikin gida ne, masu addini, masu ganin sun riga sun tsira. Mu kuma mun ɗauki gargaɗin da aka yi mana mun juya shi waje muna auna maƙwabta da shi. In kika karanta Ayyukan Manzanni daga farko har ƙarshe za ki ga manzanni suna wa'azin tashin Yesu da gafara da ranar shari'a, amma ba inda suka tsaya suna zana wa jama'a wuta, Bulus ma a duk wasiƙunsa mutuwa yake cewa da hallaka da fushin Allah.

Sauran hoton da yake kanmu, aljanu da ƙugiya, Shaiɗan a kan karaga yana mulkin wuta, kowane zunubi da irin azabarsa, ba daga Littafi Mai Tsarki ba ne. Wasu daga wani rubutu na ƙarni na biyu da aka jingina wa Bitrus wanda bai shiga cikin Littafin ba, wasu daga mawaƙin Italiya Dante da ya mutu a 1321, wasu daga masu zane. A Wahayin Yahaya 20:10 Shaiɗan fursuna ne, jefa shi aka yi. Shi kansa Yesu wani wuri ya ce wuta wani wuri ya ce matsanancin duhu, wanda ya nuna misalai ne na abin da baki ba zai iya faɗa ba, kuma Kalvin, ɗaya daga jagororin Furotesta na farko, da ba wanda zai zarge shi da sassauci haka ya ɗauke su. Misali ba ya nufin wasa fa, abin da ake misaltawa da wuta ba abu ne mai daɗi ba.

Amsoshin da aka saba bayarwa

Wadda aka fi ji ita ce girman laifi yana bin girman wanda aka yi wa, Allah ba shi da iyaka, saboda haka zunubi a kansa ya cancanci hukuncin da ba shi da iyaka. Asalin wannan tunanin yana wurin Anselm da ya rasu a 1109 da Toma Akwinas da ya rasu a 1274, manyan malamai ne ina girmama su, amma gaskiya wannan hujjar ba ta taɓa gamsar da ni ba kuma ban sami ayar da ta faɗe ta ba. Abin da na samu akasin haka ne. Ido a maimakon ido a Fitowa 21 iyaka ce aka sa wa ramuwa, kada ta wuce laifin. Maimaitawar Shari'a 25:3 ta hana a wuce bulala 40 don kada ɗan'uwanka ya wulaƙanta a idonka. Yesu a Luka 12:47-48 ya ce bawan da ya sani ya ƙi zai sha duka da yawa, wanda bai sani ba kaɗan, a Matiyu 11 kuma ya ce ranar shari'a za a fi rangwanta wa Taya da Sidon da Saduma a kan garuruwan da suka ga mu'ujizai suka ƙi tuba. Toh Allahn da ya koya mana auna hukunci da laifi shi ne zai ajiye ma'aunin ranar da ya zauna shari'a da kansa? Wasu sun gyara hujjar suka ce ai 'yan wuta suna ci gaba da saɓo ne a can shi ya sa hukuncin yake ci gaba, wannan ta fi ƙarfi, sai dai tana nufin mugunta ba za ta taɓa ƙarewa a halittar Allah ba, alhali 1 Korantiyawa 15:28 ta ce ƙarshen zance Allah zai zama kome cikin kome.

Akwai kuma masu rage ta ɓangaren ƙauna, su ce Allah ya zaɓi wasu tun kafin kafa duniya ya bar saura, hanyar Agustin ce, babban malamin ikilisiyar farko, da Kalvin, taron mabiya Kalvin a garin Dort na 1618 zuwa 1619 ya tsara ta. Hujjarsu ba ta tufka da warwara kam, amma ni na kasa wuce 1 Timoti 2:4 da 2 Bitrus 3:9 da Ezekiyel 33:11 inda Allah ya rantse da ransa cewa ba ya jin daɗin mutuwar mugu.

Wadda ta fi yaɗuwa a zamaninmu ita ce ta 'yanci. Ƙauna ba a yin ta dole, in Allah ya halicci mutum mai iya cewa i, dole ya zama mai iya cewa a'a, Jahannama kuma ita ce a'ar da mutum ya nace a kai har ƙarshe. Marubucin Kirista C. S. Lewis a 1940 ya ce ƙofofinta daga ciki aka kulle su. Katekizim na cocin Katolika na 1992 ya bayyana ta a matsayin mutum ya fitar da kansa da kansa daga zumunci da Allah, ya kuma ce Allah bai ƙaddara wa kowa shiga wuta ba, Fafaroma John Paul na biyu a 1999 ya ce a fahimce ta a matsayin hali fiye da wuri. Akwai gaskiya mai yawa a nan, duk wanda ya yi aikin kiwon ikilisiya ya ga mutumin da ƙiyayya ta cinye har ya gwammace ya riƙe ta da ya sami salama, ana miƙa masa hannu yana bugewa. Amma ba ta rufe zancen ba. Uwar da ta ga ɗanta ya nufi rijiya a guje ba ta tsayawa ta ce ai zaɓinsa ne ina mutunta shi, fizgo shi take yi ko da zai yi kuka ya dake ta. Kuma wanda zunubi ya makantar, wanda aka yi wa ƙarya game da Allah tun yana yaro, wane irin 'yanci gare shi? Yesu a kan gicciye cewa ya yi a gafarta musu don ba su san abin da suke yi ba.

Duk da haka kada ki yi saurin cewa toh a share hukunci gaba ɗaya. Wata rana ina cikin wannan darasin ina ta jero matsalolin koyarwar wuta, wani ɗalibi da ba ya yawan magana ya ɗaga hannu daga baya, bai ma tashi tsaye ba, biro yana hannunsa yana murzawa, ya ce Malam waɗanda suka kashe yayana suna nan suna yawo ba wanda ya taɓa su, in babu ranar da za su amsa, ku gaya min me zan ce wa 'ya'yansa. Ajin ya yi tsit. Amsar da na ba shi ita ce akwai ranar, kuma da zuciya ɗaya na faɗa. Shahidai a Wahayin Yahaya 6:10 suna kuka suna cewa har yaushe. Allahn da zai ga an yi wa yarinya fyaɗe, an cinye dukiyar marayu, an hallaka gari, ya ce ba komai kowa ya shigo, ban ga ƙauna a wurinsa ba, na ga halin ko in kula. Saboda haka tambayar gaskiya ba ko akwai hukunci ba ce, tambayar ita ce wane iri ne, mene ne manufarsa, kuma yana da ƙarshe ko babu.

Kiristoci ba su taɓa zama baki ɗaya a kan wannan ba

Mafi yawan ikilisiyoyi har gobe azaba ta har abada suke koyarwa, Katolika da yawancin Furotesta, kuma suna da ayoyinsu masu nauyi. Matiyu 25:46 ita ce babba, waɗannan za su tafi cikin madawwamin hukunci, masu adalci kuwa cikin rai madawwami, Agustin, wanda ya yi bishop a Hippo inda yanzu ake kira Annaba a Aljeriya ya rasu a 430, ya ce tunda siffa ɗaya aka yi wa biyun in ɗaya ya ƙare ɗayan ma zai ƙare. Sai Wahayin Yahaya 14:11, hayaƙin azabarsu yana tashi har abada ba hutu dare da rana, da 20:10. Amma shi Agustin ɗin ya rubuta cewa da yawa a zamaninsa ba su yarda da azaba marar ƙarshe ba, kuma bai ce sun fita daga bangaskiya ba, ya ce tausayi ne ya ruɗe su.

Hanya ta biyu ita ce masu cewa ƙarshen mugu mutuwa ce ta gaske. Za a tashe shi, zai tsaya gaban shari'a, zai sha abin da ya dace da aikinsa, sannan ya hallaka ya daina kasancewa. Suna cewa ki ƙirga kalmomin da Littafin ya fi amfani da su, hakkin zunubi mutuwa ne a Romawa 6:23, kada ya hallaka a Yahaya 3:16, ku ji tsoron wanda yake da iko ya hallaka rai da jiki a Gehenna a Matiyu 10:28, ƙaiƙayi da aka ƙone, toka a ƙarƙashin sawu a Malakai 4, mutuwa ta biyu a Wahayin Yahaya 20:14, da gawawwakin nan na Ishaya da na ce ki riƙe. Yahuza aya 7 ta ce Saduma ta sha hukuncin madawwamiyar wuta, 2 Bitrus 2:6 ta ce an mai da ita toka ta zama misalin abin da zai sami marasa tsoron Allah, Saduma kuwa ba ta ci da wuta yau. Hayaƙin da yake tashi har abada kuma an faɗi haka a kan ƙasar Edom a Ishaya 34:10. Suna ƙarawa da cewa tunanin wai ran mutum ba ya iya mutuwa ya fi kama da falsafar Aflatun na Girka, don 1 Timoti 6:16 ta ce Allah kaɗai ne marar mutuwa, mu kyauta ake ba mu. Wani marubucin Kirista Arnobiyus a farkon ƙarni na huɗu ya koyar da irin wannan, John Stott, ɗaya daga manyan malaman bishara na Ingila, ya fito a 1988 ya ce ya karkata nan, kwamitin koyarwa na Cocin Ingila a rahotonsa na 1995 ya bi kusa da haka, ƙungiyar masu bishara ta Birtaniya a 2000 ta amince ra'ayi ne na tsiraru amma na cikin gida.

Hanya ta uku ita ce masu begen cewa wutar ta tsarkakewa ce, mai zafi ce, mai tsawo ce, amma ƙarshenta kowa zai durƙusa da yardar ransa. Orijin na Iskandariya a ƙarni na uku shi aka fi sani da wannan, an kuma sa sunansa cikin waɗanda aka la'anta a taron Kustantiniya na 553 zamanin sarki Justiniyan. Sai dai Giregori na Nisa, wanda ya halarci taron 381 da ya kammala shaidar bangaskiya ta Nikiya, shi ma ya koyar da maido da kowa kuma ba a taɓa la'antarsa ba, waliyyi ne a wurin Katolika da Otodoks. Ishaku na Nineba a ƙarni na bakwai ya ce waɗanda suke Gehenna da bulalar ƙauna ake dukansu, wato ƙaunar Allah ɗaya ce, ga wanda ya karɓa daɗi ga wanda ya ci amanarta zafi. Ayoyinsu su ne Romawa 5:18, 1 Korantiyawa 15:22, Kolosiyawa 1:20, Filibiyawa 2:10-11, Yahaya 12:32, da makiyayin Luka 15 da yake neman ɓatacciyar tunkiya har sai ya same ta. Abin da yake tare musu hanya shi ne zunubin da ba a gafartawa a Markus 3:29, da maganar Yesu a kan wanda ya bashe shi cewa gara ba a haife shi ba, da ramin da ba a hayewa a Luka 16:26.

Inda ni na tsaya

Ni na fi karkata ga ta biyun. Ita ce na ga ta fi ɗaukar ayoyi masu yawa ba tare da na murɗe su ba, tana barin hukunci da nauyinsa, tana barin kowa ya amsa daidai aikinsa, tana kuma barin mugunta ta ƙare da gaske. Madawwamin hukunci na Matiyu 25 ina fahimtarsa kamar madawwamiyar fansa ta Ibraniyawa 9:12, an yi sau ɗaya sakamakonsa ba ya juyawa. Amma Wahayin Yahaya 14:11 da 20:10 har yanzu suna min nauyi, ba zan ce miki na warware su sarai ba, kuma abokan aikina da na san tsoron Allahnsu da iliminsu suna riƙe da ra'ayi na farko, muna cin Jibin Ubangiji tare. Shaidar bangaskiya ta manzanni da ta Nikiya sun ce zai dawo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, ba su faɗi yanayin hukuncin ba, kenan kokawa da wannan tambayar ba ta fitar da ke daga bangaskiya.

Abin da ba na sassautawa a kai shi ne wannan, Yesu ya ce wanda ya gan shi ya ga Uban. Duk bayanin Jahannama da zai sa Allah ya zama mai jin daɗin azaba, ko mai zaluncin da Yesu bai taɓa nunawa ba, akwai kuskure a cikinsa ko da ban iya nuna inda yake ba. Wanda ya yi gargaɗin shi ne ya hango Urushalima ya fashe da kuka, shi ne kuma ya je ya mutu don waɗanda yake gargaɗa. Wata baiwar Allah da ta haura shekara hamsin ta taɓa zama a ofishina tana ba ni labarin yadda tana ƙarama wani mai wa'azi ya kyasta ashana a gaban yara ya ce kowa ya kawo yatsa, ya ce haka za ku ji har abada, tana faɗa tana shafa yatsan da babban yatsanta ba ta ma san tana yi ba, ta ce min tun ranar ba ta taɓa yin addu'a ba tare da faɗuwar gaba ba. Wannan laifi ne aka yi mata. 1 Yahaya 4:18 ta ce cikakkiyar ƙauna tana kore tsoro.

Maganar kakarki

Na gaskata babu ceto sai ta wurin Yesu, Yahaya 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12, kuma kirkin mutum ba ya sayen ceto, nawa da naki da na kakarki. Amma waɗannan ayoyin sun faɗi ta hannun wa ceto yake zuwa ne, ba su ba mu jerin sunaye ba. Ibrahim da Rahab ba su taɓa jin sunan Yesu ba, ta wurinsa kuma suka tsira. Bulus a Romawa 2:14-16 ya yi maganar waɗanda ba su da Attaura amma tana rubuce a zuciyarsu, lamirinsu zai zarge su ko ya kare su a ranar da Allah zai shari'anta asirin mutane. Bitrus a gidan Karniliyas ya ce a kowace al'umma mai tsoron Allah mai aikata adalci abin karɓa ne a gare shi. Tumakin Matiyu 25 mamaki suka yi, suna tambaya yaushe muka gan ka. Taron Vatikan na biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, a 1964 ya ce wanda bai san bishara ba ba da laifinsa ba, yana kuma neman Allah da zuciya ɗaya, yana iya samun ceto, kuma cocin Katolika da duk waliyyan da ta ambata da suna ba ta taɓa shelar cewa wane yana wuta ba. Malamai da yawa na ɓangaren masu bishara sun fi tsauri a nan, suna kafa hujja da Romawa 10 cewa sai an ji an gaskata, ki san da wannan ma.

Ba zan ce miki kakarki tana sama ba don ba a ba ni wannan sanin ba. Wanda kuma ya ce miki tana wuta ya hau kujerar da ba tasa ba. Ba ki san me ta ji ba, a wace siffa aka kawo mata sunan Yesu, me ya wuce tsakaninta da Mahaliccinta a sa'o'inta na ƙarshe, shi ya sani duka. Kin ce ke mai zunubi ba za ki iya ƙona maƙiyinki ba, toh ai irin wannan lissafin Yesu ya yi a Matiyu 7:11, in ku da kuke mugaye kun san ba 'ya'yanku abu mai kyau, balle Ubanku. Tausayin da kike ji wa kakarki ba ki fi Allah shi ba, daga wurinsa kika samo, kuma ya san ta tun kafin ke ki san ta.

Ki ɗauki mako guda ki karanta Matiyu 25 da Luka 15 da Romawa 2 da 1 Korantiyawa 15, surorin gaba ɗaya ba aya ɗai-ɗai ba, ki rubuta duk abin da ya tsaya miki ki kai wa fastonku ko wata uwa a ikilisiya da kika san tana iya sauraro ba ta katse mutum. Kada ki bar mawaƙa saboda wannan. In kuma tsoron ya kai ga hana ki barci ko cin abinci na makonni, ki ga likita ko mai ba da shawara, don baƙin cikin rashi yana iya shiga jiki, kuma wannan ba rashin bangaskiya ba ne.